Haƙuri a Shekarar Toka

Ina gaida na gida, ina gaida na bakin kasuwa, da direban da ke kan hanya, da mai jinyar da ta kara rediyo a kunne don kada ta tashi maras lafiya. Allah Ya ba da sauƙi.

Maganarmu ta yau a kan haƙuri ce da riƙon imani idan rayuwa ta yi tsanani. Na san da jin haka akwai wanda hannunsa ya riga ya kai kan rediyo zai murɗa tasha, yana cewa a ransa, ga su nan kuma, za su ce mu yi haƙuri. Malam, dakata tukuna, ban ga laifinka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na mudun hatsi suka yi tashin gwauron zabi, an ba talaka haƙuri har kunnensa ya gaji. Abin da nake so mu duba shi ne, wannan haƙurin da muke ta miƙa wa juna, shi ne wanda magabata suka sani? Domin mu gane, zan kai ku shekara guda a tarihin Musulunci, shekara ta 18 bayan Hijira, wato 639 Miladiyya, zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda. A cikin wannan ɗan tsakani masifa biyu suka auka wa Musulmi kusan lokaci ɗaya, yunwa a Hijaz, annoba a Sham.

Mu fara da yunwar. Ruwan sama ya ɗauke a Madina da kewayenta, ƙasa ta ƙone ta yi baƙi, iska ta riƙa kwaso ƙura mai kamar toka tana watsa wa mutane. Shi ya sa Larabawa suka sa mata suna Amur Ramada, Shekarar Toka. Ta ɗauki wajen wata tara. Marubuta tarihi irin su Ibnu Sa'ad da Ɗabari sun ce abin ya kai namun daji suna shigowa cikin mutane saboda yunwa, mutum ya yanka tunkiyarsa ya kasa cin naman don tsabar ramar da ta yi. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da 1974, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanya daga Nijar har arewacin Nijeriya, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Makiyaya da mutanen ƙauye, da dabbobinsu suka ƙare, sai suka kwararo Madina suka yada zango a gefen gari. To a nan ne nake so ku kasa kunne, ku ji abin da shugaban Musulmi ya yi.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, cewa wata rana Umar yana cin gurasa da man shanu, sai ya kira wani baƙauye su ci tare. Mutumin nan ya riƙa bin gefen akushi da lomarsa yana suɗe maiƙon da ya maƙale. Umar ya dube shi, ya ce da alama ka daɗe rabonka da maiƙo. Mutumin ya rantse cewa ya jima bai ci man shanu ba, bai ma ga mai cinsa ba. Nan take Umar ya yi alkawarin shi ma ba zai ƙara ɗanɗana man shanu ba har sai ruwa ya sauka mutane sun farfaɗo. Ya koma cin gurasa da man zaitun, wanda bai karɓi cikinsa ba. Cikin ya riƙa ƙugi, shi kuwa ya kan danna shi da yatsa ya gaya masa ya yi ta ƙuginsa, ba abin da zai samu sai wannan. Har launin fatarsa ya sauya. Bawansa Aslam ya ce su da ke kusa da shi sun riƙa faɗa a tsakaninsu cewa in Allah bai yaye wannan fari ba, damuwa da halin Musulmi za ta kashe Umar.

Amma bai tsaya ga hana kansa ci ba, domin yunwar shugaba ba ta cika tumbin kowa. Ya raba Madina shiyya-shiyya, ya ɗora mutum a kan kowace, daga cikinsu akwai Miswar ɗan Makhrama da Abdullahi ɗan Utba ɗan Mas'ud. Da yamma su taru wurinsa kowa ya faɗi abin da ya gani. Aka girka manyan tukwane tun da asuba. Ya sa aka ƙidaya waɗanda suka ci abincin dare a wurinsa, aka samu mutum 7,000. Aka ƙidaya marasa lafiya da yara da iyalan da ba sa iya zuwa, aka samu 40,000. Bayan 'yan kwanaki aka sake ƙidaya, na farko sun kai 10,000, na biyu 50,000. Ku lura, jama'a, ƙidaya ya yi. Bai ce Allah Ya san adadin bayinSa ya ja bakinsa ya yi shiru ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa na Sham da Iraƙi wasiƙun neman agaji, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya iso da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Raƙuman ma ba a mayar da su ba, yanka su aka riƙa yi ana rabawa.

Iyayena mata, ga wani wuri da zai ba ku dariya, ya kuma ba ku tausayi. Ibnu Sa'ad ya ruwaito cewa a wannan shekara Umar ya wuce wata mata tana tuƙa abinci, ya ga ba ta yi daidai ba, ya karɓi muciyar ya nuna mata. Ya riƙa gaya wa mata kada su zuba gari sai ruwa ya yi zafi, sannan su barbaɗa shi kaɗan-kaɗan suna tuƙawa, don ya fi auki, kuma ba zai yi gudaji ba. Sarkin Musulmi ke nan, wanda rundunoninsa suka karya Farisa a Ƙadisiyya, suka kori Rumawa a Yarmuk, ga shi tsugune gaban murhu yana lissafin yadda gari kaɗan zai ishi baki da yawa.

Har shari'a sai da ya duba. Bai aika masu karɓar zakka ba a wannan shekara, ya jinkirta har shekara ta zagayo mutane suka samu. Bai yanke hannun wanda yunwa ta sa shi sata ba. Akwai ma wata shari'a da ya yi a zamaninsa, ita ma tana cikin Muwaɗɗa: bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a suka saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Da farko Umar ya ba da umarnin yanke musu hannu, sai ya sake tunani, ya juya kan ubangidansu ya ce yana ganin yunwa yake barin su da ita. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Imamu Malik ya yi bayanin cewa ba a kan ninka kuɗin ake aiki a Madina ba, amma inda Umar ya aza laifin a fili yake.

Ya kuma faɗi wata magana da har yau take da nauyi. Ya ce da abin da ke baitulmali zai ƙare, da sai ya shigar wa kowane gida mai hali mutane daidai yawan mutanen gidan, su raba abin da ke akwai, domin rabin ciki ba ya kashe mutum. Wannan ba sabon abu ya ƙago ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi mutanen Abu Musa, wato Ash'ariyyawa, saboda idan guzurinsu ya yi ƙasa a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya ƙaranta a gari, sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya. Ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne.

To, jama'a, mu dawo gida. A ganina inda muka karkace shi ne, mun ɗauki haƙuri duka mun ɗora wa wanda abin ya sama, mai hali kuwa mun sauke masa. Alhali a Shekarar Toka wanda ya fi kowa shan haƙuri shi ne wanda mabuɗin rumbu ke hannunsa. Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah biyayya, haƙurin kame kai daga saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci. Mu na ukun kawai muke wa'azi a kai, don shi ne ba ya cin aljihun mai wa'azi. Ɗan kasuwar da ya ga farashi na hawa, ya danne zuciyarsa ya fito da hatsi bai ɓoye ba, haƙuri ya yi, kuma mai wuya; hadisi a Sahihu Muslim ya kira mai ɓoye abinci don ya yi tsada mai laifi. Mai gidan haya da ya ɗaga wa magidanci ƙafa wata biyu, haƙuri ya yi. Wanda ya biya lebura haƙƙinsa a ranar da shi ma aljihunsa ke kuka, haƙuri ya yi.

Ku zo mu leƙa wani gida, irin wanda kowannenmu ya sani a unguwarsu. Mai gida ya rasu. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an naɗe tabarmi an mayar masallaci. Matar tana ɗaki cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ga yara biyar. Kowa ya shigo da abin da zai faɗa: sai haƙuri, Allah Ya ji ƙansa, ki rungumi marayun nan. Ta amsa da ka, tana goge ido da bakin mayafi. Da yamma ta kwance bakin zaninta ta ƙirga abin da masu gaisuwa suka ajiye, ta aiki babban ya auno gwangwani biyu na garin masara. A can zaure kuwa, ƙanen mijin ya karɓe mabuɗin shago da takardar fili, wai yana juya wa yara dukiya. Shekara ta wuce, ba a raba gado ba. Ranar da ta buɗe baki ta tambaya, sai dangi su taru a kanta: ke ba ki da haƙuri ne? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba kina maganar dukiya?

Wallahi wannan ba haƙurin Musulunci ba ne, danniya ce aka yafa mata rigar addini. Allah da kanSa Ya yanka wa matar nan rabonta a Suratun Nisa'i, ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, kuma a cikin surar nan ne Ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu. Idan ta je wurin alƙali neman haƙƙin 'ya'yanta, ba ta fita daga sahun masu haƙuri ba. Wanda ya kasa haƙuri a gidan nan shi ne wanda ya ga dukiya ya kasa kame hannunsa. Mu kan ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa. Gaskiya ne, amma ai dahuwa aka ce. Sai an ɗora tukunya, an hura wuta, an yi ta iza itace. Ba a taɓa dafa komai da tagumi ba.

Za mu ɗan dakata a nan mu sha ruwa. Idan mun dawo, sai Sham.

(Ɗan gajeren hutu)

Madalla. Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu a tsakiya, muna magana ne a kan haƙuri, muna duba abin da ya faru a shekara ta 18 bayan Hijira.

Annobar ta ɓulla ne a wani gari da ake kira Amwas a ƙasar Falasɗinu, yamma da Ƙudus, shi ya sa ake ce mata annobar Amwas. Ta bazu cikin rundunonin Musulmi da ke Sham. Sayyidina Umar ya kama hanya zai je can, da ya kai wani wuri da ake kira Sarg sai kwamandojin yaƙi suka tarye shi, Abu Ubaida na gaba, suka shaida masa halin da ake ciki. Labarin yana cikin Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa, daga bakin Abdullahi ɗan Abbas.

Umar bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai na farko, suka rabu biyu: wasu suka ce ka fito da niyya, kada ka juya, wasu suka ce kana tare da sauran sahabban Annabi, kada ka kai su cikin annoba. Ya kira Ansar, su ma suka rabu haka. Sai ya kira dattawan Ƙuraishawa da suka yi hijira wajen cin Makka. Su ko mutum biyu ba su saɓa ba, suka ce ya koma da jama'a. Umar ya sa aka yi shela cewa da safe za a juya.

Abu Ubaida ya tambaye shi, shin gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ji zafin tambayar, don ba ya son saɓa wa Abu Ubaida, har ya ce ina ma wani ne ya faɗi haka. Sannan ya amsa cewa lalle gudu ne, amma daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su, ai da ƙaddarar Allah ya kora su. Ana cikin haka sai ga Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya tafi wata buƙata ba a yi shawarar da shi ba. Ya ce shi yana da ilimi a kan wannan, ya ji Annabi ya hana shiga garin da aka ji annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta. Umar ya yi hamdala ya juya.

Yanzu ku dubi abin da ya biyo baya, don a nan darasin yake da daɗi. Umar ya koma Madina hankalinsa na kan Abu Ubaida. Ya rubuta masa cewa yana da wata buƙata da shi ta gaggawa, ya taho. Abu Ubaida ya karanta ya gane dabarar, so ake a fitar da shi daga cikin annoba. Ya mayar da amsa yana neman a yafe masa, ya ce yana cikin rundunar Musulmi, ba zai fifita ransa a kan nasu ba. Umar ya karanta ya fashe da kuka. Aka tambaye shi ko Abu Ubaida ya rasu ne, ya ce bai rasu ba tukuna, amma kamar ya rasu. Duk da haka bai saki al'amarin ba, ya sake rubutawa cewa a tashi rundunar daga ƙasa mai damshi a kai ta tudu mai iska, aka nufi Jabiya. Abu Ubaida ya kamu, ya rasu. Mu'azu ɗan Jabal ya karɓi jagoranci, annobar ta shiga gidansa ta ɗauki ɗansa Abdurrahman, sannan ta ɗauke shi. Yazidu ɗan Abi Sufyan ya tafi, Shurahbilu ɗan Hasana ya tafi. Masu tarihi suna kawo adadin waɗanda suka rasu wajen 25,000. Da Amru ɗan Asi ya karɓa, sai ya ce wa mutane wannan ciwo kamar wuta yake ruruwa, su watse su hau duwatsu. Suka watse, Allah Ya ɗauke ta.

To wa ya yi haƙuri a cikinsu, wanda ya juya ko wanda ya zauna? Ni dai ban ga wanda za a cire ba. Umar ya juya da mutanen da ba su riga sun shiga ba, ya jure a ce masa ya gudu. Abu Ubaida ya zauna da mutanen da amanarsu ke wuyansa, ya jure mutuwa. Amru ya nemi dabara. Babu ɗayansu da ya naɗe hannu, kuma babu wanda ya tuhumi Ubangijinsa. Saboda haka idan ka ji mutum ya ƙi kai ɗansa asibiti, ko ya ƙi tashi daga bakin kogi bayan an yi gargaɗin ambaliya, yana cewa abin da Allah Ya rubuta ba makawa, ka tuna masa da makiyayin nan da kwarinsa. Imaninsa bai kai na Umar ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da nake roƙon mu bari. Da zarar masifa ta sauka a wani gari, sai ka ji masu fassara sun fito: ai zunubinsu ne, ai abin da suke aikatawa ne. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, mutane na kan rufin ɗaki suna jiran ceto, wasu na riƙe da waya suna rarraba laifi. Subhanallah. Abu Ubaida yana cikin mutum goma da aka yi wa bushara da Aljanna tun suna raye, annoba ce ajalinsa. Mu'azu, wanda Annabi ya aika Yaman ya koyar da mutane addini, annoba ce ajalinsa. Annabi da kansa ya shaida cewa annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa, sai waɗanda ke bi musu a daraja. Ba a hana tuba da istigfari lokacin tsanani ba, su ne ma abin yi. Amma dubi yadda Umar ya yi nasa a Shekarar Toka: ya hau mumbari ya ce bai sani ba, ko fushin a kansa yake ban da su, ko a kansu ban da shi, ko ya haɗa su duka. Da kansa ya fara. Bai nuna makiyayan da suka yada zango a bayan gari da yatsa ba.

Sai maganar kuka. Sau da yawa a gidan rasuwa za ka ji ana tsawata wa uwa, a ce ta daina zubar da hawaye, wai rashin tawakkali ne. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, yake fitar rai yana jariri, Annabi ya ɗauke shi ya sumbace shi, idanunsa suka zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu, shi dai wannan da muka ambata ɗazu, ya yi mamaki ya tambaye shi. Annabi ya bayyana masa cewa wannan rahama ce. Ido zai yi hawaye, zuciya za ta yi baƙin ciki, amma harshe ba zai furta abin da zai fusata Ubangiji ba. Iyakar ke nan. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da maganganun jahiliyya. Annabi Yaƙubu, wanda Alƙur'ani ya ba mu labarin kyakkyawan haƙurinsa a Suratu Yusuf, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Ya kai kukansa ga Allah, kuma a cikin wannan halin ya tura 'ya'yansa su koma Masar su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, ya hana su yanke ƙauna. Annabi Ayyuba ma, da ake buga misali da shi, ai ya ɗaga murya ya gaya wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya.

Don haka, 'yar'uwa, idan damuwa ta hana ki barci, abinci ya fita ranki, kin yi wata da watanni ba kya jin daɗin komai, gaya wa wanda kika amince da shi, ki je ki ga likita. Faɗa wa likita inda ke ciwo ba ƙarar Allah ba ce. Kai kuma ɗan'uwa da kasuwa ta karye maka, bashi ya yi maka katutu har kana jin kunyar shiga gida, inda haƙurinka yake shi ne kada talauci ya tura ka ga algus ko cin amana ko bin boka, kada kuma ka huce a kan matarka da 'ya'yanka. Ka riƙe sallarka ko da zuciyar ta yi nauyi. Suratul Baƙara ta haɗa haƙuri da salla wuri guda a matsayin abin neman taimako, kuma wanda ya taɓa shiga matsi ya san dalili: akwai daren da ba abin da ke riƙe mutum sai ya tashi ya yi alwala.

Mu koma Madina mu ga yadda aka ƙare. Mutane sun mutu da yawa duk da ƙoƙarin da aka yi, har an ga Umar yana sallatar gawa goma a jere. Bayan an yi duk abin da hannu zai iya, sai ya fita da jama'a roƙon ruwa, cikin ƙanƙan da kai, ya yawaita istigfari. Ya gabatar da Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi, baffan Annabi, ya ce ya yi musu addu'a. Abbas ya roƙa, Allah Ya saukar da ruwa. Da ƙasa ta yi kore, Umar bai bar baƙin nan su zama mabarata a birni ba, ya sa aka ba su guzuri da abin hawa, aka raka su suka koma makiyayarsu.

Bai kuma ce tunda ta wuce shi ke nan ba. Bayan 'yan shekaru, da aka ci Masar, ya sa Amru ɗan Asi ya sake haƙe wata tsohuwar hanyar ruwa da ta haɗa kogin Nilu da Bahar Maliya, aka riƙa kiranta mashigin Amirul Muminina. Jiragen ruwa suka riƙa ɗauko hatsin Masar suna saukewa a tashar Jar, daga nan raƙuma su kai Madina.

Lokaci ya ci mana. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki maganar bashi: haƙƙin mai bi, da haƙƙin wanda ake bi, da abin da shari'a ta ce a kan wanda ya kasa biya. A madadin waɗanda suka haɗa mana sauti, nake cewa mu kwana nan.